Gane Lalurar Yaro Tun da Wuri: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Wannan bayani an shirya shi ne domin hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malamansu masu riƙe da littattafan gunduma. Maganar da ke cikinsa ta yara ce, watau yaran nan da ke zuwa makaranta kullum amma karatu ba ya shigarsu kamar yadda yake shigar tsararsu, saboda wata lalura da ke tare da su wadda ba a gane ba. Yaron da ba ya gani ko kaɗan, da wanda ba ya ji sam, kowa a unguwa ya san su. Wanda ya fi shan wuya shi ne na tsakiya, mai ji rabi-rabi ko mai gani dishi-dishi. Shi ne ake ce wa daƙiƙi, ko mai taurin kai. Yakan sha bulala shekara biyu ko uku a kan laifin da ba nasa ba, sa'an nan wata rana a wayi gari ya daina zuwa, a rubuta a rajista cewa ya gudu.

Dalilin gaggawa

Da kunne yaro yake koyon magana, kuma mafi yawan wannan koyo cikin shekara 3 na farkon rayuwarsa yake aukuwa. Idan waɗannan shekaru suka wuce bai ji maganar mutane ba, kuma ba a koya masa maganar hannu ba, to, abin da ya rasa yana da wuyar ramawa. Don haka ne likitocin kunne suka kafa ƙa'ida cewa a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da lalurar kafin wata 3, a fara taimakonsa kafin wata 6. Wannan gwaji da na'ura ake yinsa a manyan asibitoci. A ƙauyukanmu kuwa, inda haihuwa da yawa a gida ake yinta, idon uwa da na ungozoma da na malamin makaranta su ne na'urar da muke da ita.

Ido ma haka yake. Yaro mai harara-garke, ko wanda ido ɗaya ya fi ɗaya rauni, ƙwaƙwalwarsa takan dogara ga ido mai kyau ta yi watsi da ɗayan. In an gane kafin ya kai wajen shekara 7, sau da yawa tabarau da rufe lafiyayyen idon na ɗan lokaci sukan farfaɗo da mai raunin. In an bari ya girma, gyaran sai ya yi wuya ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da ake iya karewa take fitowa. Mun kuwa san su duka a ƙasar nan: sanƙarau, da ƙyanda, da hangum, da shawarar jarirai, da doguwar naƙuda, da kunnen da ke zubar da mugunya aka bar shi ba magani. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da yawa da suka tashi ba ji. Abin da ya kamata hakimi ya ɗauka daga nan shi ne, duk shekara in zafi ya wuce damina ta sauka, ya nemi dagatai su kawo masa sunayen yaran da suka yi sanƙarau suka warke, a duba kunnensu ɗaya bayan ɗaya. Murnar da iyaye ke yi don yaro ya rayu takan hana su lura ba ya amsa kira.

Har wa yau akwai dalma. A shekarar 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da ba ta kwantar da shi ba, kuma illar ba ta bayyana sosai sai ya shiga aji. Hakimin da ake haƙar ma'adini a ƙasarsa lalle ya sa ido a kan wannan fiye da sauran.

Yadda lalura ke ɓuya a cikin aji

Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Yadda muke karatu, ko a makarantar allo ko a firamare, malam ya faɗa yara su amsa gaba ɗaya da murya guda, hanya ce mai kyau wajen hadda, amma babbar maɓoya ce ga mai lalura. Yaron da ba ya ganin allon bango sai ya haddace da kunne, ya riƙa rerawa tare da 'yan'uwansa, har malam ya yaba masa. Wanda ba ya ji kuma sai ya dubi bakin na kusa da shi ya riƙa motsa nasa. A ajin da ke da yara 80 ko 100 ana iya shekara guda cur a haka. Maganin abin shi ne malam ya riƙa kiran yara ɗai-ɗai, ya nuna kalma daga tsakiyar layi ya ce a karanta, ba daga farko yadda aka saba rerawa ba. Nan da nan za a rarrabe mai karatu da mai hadda.

Mai raunin ji yakan karkata kai gefe guda, ya ƙura wa bakin malam ido, ya yawaita cewa "na'am?" In aka kira shi ta baya ba ya waiwayowa. Maganarsa takan fito da ƙarfi fiye da kima, ko haruffa su ɓace a cikinta. Mai raunin gani kuwa yakan ƙanƙance ido, ya kawo littafi dab da hancinsa, ya riƙa kwafa daga littafin maƙwabci maimakon allo, malam ya zaci satar amsa yake yi. Wanda ke tuntuɓe da zarar magariba ta yi, wataƙila dundumi ne, wanda sau da yawa ƙarancin sinadarin bitamin A ke kawowa, maganinsa kuwa yana nan a ɗakin shan magani. Yaro zabiya kusan kullum yana da raunin gani, kuma hasken rana yana damunsa. A zaunar da shi gaba, nesa da taga, a bar shi ya sa hula mai baki ko da a cikin aji ne.

Gwaji biyu malami zai iya yi ba tare da kashe kuɗi ba. Na kunne: a sami wuri mara hayaniya, malam ya tsaya bayan yaro kamar nisan hannu guda, a toshe kunne ɗaya, ya raɗa masa lambobi ko kalmomi uku, yaro ya maimaita. Sa'an nan a juya ɗayan kunnen. Tsayawa a baya wajibi ne, gama yaran nan gwanaye ne wajen karanta baki. Na ido: ana amfani da kati mai harafin E wanda ƙafafunsa ke fuskantar sama ko ƙasa ko dama ko hagu. A manna shi a bango mai haske, yaro ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya, ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun suka nufa. Ba sai ya iya karatu ba. Wanda ya kasa layin da aka rubuta wa 6/12, da ido ɗaya ko duka biyu, a aika da shi wurin masu duba ido. Waɗannan gwaje-gwaje tankaɗe ne kawai. Yanke hukunci na likita ne.

Akwai kuma yaran da kunnensu da idonsu lafiya lau, ga wayo wajen magana da lissafin kuɗin kasuwa, amma haruffa sun ƙi zama a kansu. Wannan lalura masana ke kira disleksiya. Irin wannan yaro yakan sha wuya wajen haɗa harafi da sautinsa, ya rikita b da d, balle a zo ga ɓ da ɗ. Kowane yaro yakan yi irin wannan rikici a farkon koyo, don haka kada a yi saurin magana. Amma wanda ya shekara biyu yana zuwa aji ba fashi, bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ya kamata a kai maganarsa ga malamin da ya koyi ilmin masu buƙata ta musamman. Haka nan yaron da hankalinsa ke tafiya a hankali a kowane abu, da wanda ba ya haɗa ido da mutane kuma ba ya wasa da tsara, da mai i'ina.

Farfaɗiya tana da wani iri wanda ba ya kayar da yaro. Sai a ga ya tsaya cak, ido a buɗe, na 'yan daƙiƙu, sa'an nan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Yana iya yin haka sau da yawa a yini, darasi yana wuce shi gutsure-gutsure. Mai faɗuwa kuwa, a sani yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, in abin ya wuce minti 5 a garzaya asibiti. Da magani yara da yawa sukan daina faɗuwa.

Sai dai a yi hattara. Ba duk wanda aka bari a baya ke da lalura ba. Ɗan Fulani ko ɗan Barebari da aka zaunar a aji bai ji Hausa ba tukuna, balle Turanci, shirunsa na harshe ne. Wanda ya zo da yunwa, da mai ƙarancin jini, da wanda ake cirewa daga makaranta duk lokacin shuka da girbi, su ma karatunsu zai ja baya. A fara tambayar waɗannan kafin a ɗora wa yaro sunan da zai bi shi har girma.

Aikin hakimi da na malaminsa

Wani zai ce, ai wannan aikin malaman makaranta ne da likitoci, me ya kawo hakimi ciki? Amsa ita ce, malami yana iya ganin alama, amma ba ya iya shiga gida ya shawo kan maigida. Iyaye da yawa sukan ɓoye yaro don kunya, ko don tsoron kada 'yarsu ta rasa miji, ko don an ce musu aikin iska ne. Wanda ya ƙi jin maganar hedimasta ba ya ƙin ta mai unguwa in ya san daga hakimi ta fito. An ga wannan a yaƙi da shan-inna. Tun daga 2009, da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai suka riƙa bin gida-gida, har aka kai ga Agustan 2020 lokacin da aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Hanyar da aka bi aka sami yaran da ba a ɗiga wa magani ba, ita za ta samo waɗannan.

Doka kuma tana bayan hakimi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro, ba ta ware kowa ba. Dokar hana nuna bambanci ga masu lalura, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba mai lalura haƙƙin ilmi kyauta har zuwa sakandare. Hedimastan da ya mai da yaro gida don kawai gurgu ne ko zabiya ya saɓa wa doka, kuma ya kamata maganar ta kai ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma.

Malamin hakimi ya buɗe littafi dabam domin wannan aiki. Ya rubuta sunan yaro da na mahaifinsa, da unguwa, da shekarunsa, da makarantarsa in yana zuwa. Sa'an nan ya rubuta abin da aka gani da ido, kamar "ba ya waiwayowa in an kira shi ta hagu", da lokacin da abin ya fara, da ciwon da ya gabace shi. Kada ya rubuta "dolo" ko "mahaukaci". Waɗannan zagi ne, kuma ba su gaya wa likita kome. Littafin nan amana ne. Ba a karanta shi a bainar jama'a a fada. Kada kuma a manta da makarantun allo da islamiyya, da yaran da ba su zuwa ko'ina, musamman 'yan mata, don su aka fi ɓoyewa.

Inda za a fara kai yaro shi ne asibiti mafi kusa, daga nan su za su tura shi gaba. A Kaduna akwai babbar cibiyar kunne ta ƙasa da babban asibitin ido na ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 aka kafa ta, akwai kuma ta Tudun Maliki a Kano mai karɓar kurame da makafi, kwalejin Oyo kuwa tun 1977 take horar da malaman wannan fanni. Amma a gaya wa iyaye tun farko cewa mafi yawan yaran da za a gano ba inda za a kai su. Kujerar gaba, da tabarau, da wanke kunne da magani, da malami mai fuskantar aji in yana magana, sun ishe su. Tsoron a raba su da ɗansu shi ke sa iyaye da yawa musun lalurar.

Ga wanda ke ganin makomar makaho ita ce bara kaɗai, a tuna masa da Malam Aliyu Namangi na ƙasar Zazzau, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya yi ilmi, ya wallafa Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Sarakunan makafi da na guragu da na kurame, inda akwai su, a jawo su cikin aikin, gama sun san gidajen da mai unguwa bai sani ba.

Lokacin da ya fi dacewa da gwajin shi ne makonnin farko na sabuwar shekarar karatu, sa'ad da 'yan aji ɗaya suka shigo. Bayan wata 3 malamin hakimi ya buɗe littafinsa ya bi sunayen, ya tambayi dagaci a kan kowane yaro: an kai shi ko ba a kai shi ba, in ba a kai ba me ya hana, kuɗin mota ne ko ƙin maigida. Ya rubuta amsar a gefen sunan, ya aika da kwafi ga sakataren ilmi tare da rahoton hakimi.