Foraminifera: Ma'anar Suna da Asalinsa

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Ƙonni zuwa Tawa ta Malbaza da Badagishiri zai ga duwatsun Adar. A ƙarƙashinsu akwai dutsen farar ƙasa, wanda masana'antar Malbaza ke haƙowa don yin siminti. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki har zuwa Kalambaina ta Sakkwato, kuma dutsen ya samu ne daga ɓawon halittun da suka mutu a cikinsa. Daga cikinsu akwai waɗansu ƙanana, galibi ba su wuce ƙwayar rairayi ba, da masana ke kira Foraminifera.

Kalmar harɗaɗɗiya ce daga Latin. Kashi na farko shi ne foramen, wato "huji", daga aikatau forare, "huda". Na biyu, -fer, ya fito daga ferre, "ɗauka". Ma'anarta ke nan "masu ɗauke da huji". A lura da jerin: Latin ta sa karɓau kafin aikatau, alhali Hausa tana fara kawo aikatau, kamar a fasa-ƙwauri da hana-salla.

Bafaranshe Alcide d'Orbigny ne ya raɗa sunan a 1826. Ya zaci halittun dangin Notilus ne, wata dabbar teku mai ɓawo ɗaki-ɗaki. Da yake bututu ne ke ratsa ɗakunan Notilus, su kuwa waɗannan huji ne ke haɗa ɗaki da ɗaki, sai ya bambanta su da wannan siffa. A 1835 Félix Dujardin ya nuna cewa ba su da kai ko gaɓoɓi, kuma daga baya aka tabbatar kowace ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Rukunin da aka sa su ciki ya rushe, amma sunan ya tsira, domin abin da ido ya gani ya bayyana, ba zato ba.

Nan darasin yake ga mai ƙirƙirar kalmomin kimiyya da Hausa. Idan muka ce "ƙananan dabbobin teku", mun maimaita kuskuren d'Orbigny, tun da a rarrabewar yau ba dabbobi ba ne. Idan muka aro "foraminifera" kawai, ɗalibin Badagishiri zai haddace ta bai san tana nufin abin da ke cikin dutsen ƙasarsu ba. "Masu huji" ta fi kusa da asali, kuma tana koyar da siffar halittar tun daga sunanta.