Yadda Unguwa Za Ta Tsare Matasanta a Bikin Sallah a Suleja

Idan Sallah ta zo, Suleja cika take yi ta batse. Ma'aikatan Abuja da ke kwana a nan duk suna gida, baƙi sun shigo daga Madalla da Gauraka, yara sun bazu yawon Sallah daga Kwamba har Maje. Dole hankalin jami'an tsaro ya koma filin idi, da fadar Sarkin Zazzau Suleja, da manyan tituna, balle a garin da bai manta da bam ɗin ofishin hukumar zaɓe na Afrilun 2011 ba, da na cocin St. Theresa a Madalla ranar Kirsimetin shekarar 2011. Amma haɗarin da ke bin yaranmu kowace Sallah a lungu yake: ganganci da babur, faɗan gungu, ƙwaya, ɓatan yaro. Wannan aikin unguwa ne, kuma ba zai yi kyau ba sai matasan da ake tsoro a kansu su ne riƙe da shi.

Da farko, mai unguwa ya kira zaman kafa kwamiti tun ana saura mako biyu. Ya gayyaci liman da fasto, shugabar mata, 'yan sintiri, 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam, shugaban 'yan acaɓa na tashar kusa, da jagororin majalisun samari. A nan ake yawan kuskure: sai a kira yaran kirki kaɗai, a bar waɗanda sa'o'insu ke jin maganarsu. Wani zai ce ai ba wa ɗan daba rigar aiki kamar ba wa kura ajiyar nama ne. Tsoron yana da tushe, shi ya sa ba a ba shi sanda, ba a kuma barinsa shi kaɗai. A haɗa shi da dattijo da ɗan agaji. Amma shi ne ya san wace unguwa ke da tsohuwar gaba da wace, da kangon da ake sayar da tramol, kuma idan ya ce wa yaransa "yau ba rigima", sun fi jinsa a kan jiniyar 'yan sanda.

Na biyu, a taka unguwar da ƙafa, da rana sau ɗaya, da dare sau ɗaya. A rubuta kwanar da babura ke shigowa a guje, kwalbatin da ba murfi, lungun da ba fitila, rijiya ko kududdufi, da hanyar da yara ke bi su tsallaka babban titi. Kada a manta da masu zarcewa rafi wanka. Kowane wuri a ɗora shi a wuyan mutum biyu da sunansu, a raba musu lokaci, don su ma su sami damar cin tuwon Sallah da gaida iyaye.

Na uku, a kai takardar da aka rubuta wurin DPO, a sanar da jami'an kiyaye haɗurra, a karɓi lambar jami'in da zai ɗauki waya a ranar. Masu cewa tsaro aikin gwamnati ne ba su yi ƙarya ba, kuma wannan matakin ne amsarsu: unguwa ido ce, kamu da hukunci na hukuma ne. A faɗa wa kowane ɗan kwamiti a fili cewa ba duka, ba aske kan kowa, ba ƙwace waya. Idan aka yi ihun ɓarawo, aikinsu shi ne su shiga tsakani, su kare wanda ake zargi har 'yan sanda su iso. Kwamitin da ya fara hukunci da hannunsa ya zama gungun da aka kafa shi don ya hana.

Sauran a gida ake yinsa, kuma iyaye mata ne gwanayensa. Kafin ƙaramin yaro ya fita, a rubuta lambar waya a takarda a soka masa a aljihun sabuwar riga, a damƙa hannunsa ga yayarsa ko wansa. A tsayar da masallaci ɗaya mai lasifika inda za a kai duk yaron da aka tsinta, a sanar tun a huɗubar Juma'a. Uba ya riƙe makullin babur da na mota. "Ai Sallah ce" ba lasin ba ne. A Babbar Sallah, da an gama fiɗa a wanke wuƙaƙe a kulle su, domin wuƙar layya ce takan bi saurayi fita da yamma.

Kada kuma a ce hanyar ita ce a hana shagali. Saurayin da aka kore daga dandali kango zai tafi, inda ba mai ganinsa. Gara a ba su fili mai haske, a yi ƙwallo ko kiɗa, a yi yarjejeniyar lokacin tashi da su, a tanadi masu raka 'yan mata gida. Da Kirsimeti ma tsarin ɗaya ne, sai a ƙara kula da masu wasan nokawut, kuma samarin da maƙwabtansu Kiristoci suka tsaya musu lokacin idi su rama ranar da ake coci.