Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake gane lisen kuɗi mai kai ɗalibi jami'a?

Ma'aunin da iyaye a Zango da sauran unguwannin Damagaram suka fi dubawa wajen zaɓen lisen kuɗi, wato makarantar sakandare mai zaman kanta, shi ne sakamakon Bak, domin a Nijar wannan jarrabawa ce ƙofar jami'a, ko ta André Salifou a Zinder ko ta Abdou Moumouni a Yamai. Sai dai kason da makaranta ke mannawa a bakin ƙofa ba ya wadatarwa shi kaɗai. Tara cikin goma kashi 90 ne, amma aji ne ɗan ƙarami. Makarantar da ta fitar da 120 cikin 200 ta fi mai irin wannan aji aiki. Wasu makarantun ma sukan tace ɗalibai kafin ajin ƙarshe, masu rauni su je su zauna jarrabawa a ƙashin kansu, kaso ya yi kyau a takarda.

Ana kuma duba sashe. Sashen A na adabi ne, C da D na lissafi da kimiyya, kuma mai son likitanci kimiyya yake buƙata. Sai a tambayi nawa suka ci Bak tun zagayen farko, nawa suka samu kuɗin karatu daga hukumar ANAB, a kwatanta sakamakon shekara uku a jere da na lisen gwamnati kamar Amadou Kouran Daga.