Darasi Ga Ɗalibai Da Iyaye: Shirin Jarrabawar Turanci



Kowace shekara, wajen watan Mayu zuwa Yuli, 'yan ajin ƙarshe na sakandare sukan zauna jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, da ta NECO, wadda aka kafa a 1999. A cikin dukan darussa, Turanci ne ƙofa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna neman kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance a ciki. Wanda ya samu ƙasa da C6 a Turanci, ko da ya ci sauran darussa, sai ya sake zama, iyaye su sake biyan kuɗi. Ga kuma rufe makarantun Zamfara da aka yi a 2021 saboda rashin tsaro, wanda ya sa yara da yawa suka taso da giɓi a karatunsu. Saboda haka ya wajaba mu san yadda jarrabawar take.

A tsarin da WAEC ta saba bi, takardu uku ne. Ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓi a kan kalmomi da nahawu. Ta biyu tana da maki 100: insha'i 50, fahimtar karatu 20, taƙaitawa 30. Ta uku tambayoyi 60 ne a kan furuci.

Na farko, insha'i. Ana ba ɗalibi tambayoyi ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kalmomi wajen 450: wasiƙa, ko labari, ko muhawara, ko jawabi. Mai dubawa yakan ba da maki 10 don abin da aka faɗa, 10 don tsari, 20 don iya harshe, 10 don tsabtar rubutu, kuma kowane kuskure na harafi ko aya yana zaftare rabin maki daga cikin goman ƙarshe. Ɗana, kurakurai 20 sun isa su cinye goman nan duka. Ka rubuta gajerun jimloli waɗanda ka tabbata da su. Ka koyi bambancin wasiƙar ofis, mai adireshi biyu da take, da wasiƙar gida. Kafin ka soma, ka jera manyan batutuwa uku ko huɗu, kowanne da sakin layinsa.

Na biyu, fahimta. Ka karanta tambayoyin tukuna, sa'an nan ka karanta nassin sau biyu. Amsar tana cikin nassin. In an ce ka sauya wata kalma, ka sa wadda ka zaɓa a gurbinta, ka karanta jimlar, ka ji ko ta zauna.

Na uku, taƙaitawa, inda ɗalibai suka fi zubar da maki. In an nemi jimloli uku, ka ba da uku cikakku, da kalmominka, ba tare da misalai ba. Mai kwafe nassi kai tsaye yakan rasa maki.

Na huɗu, furuci. Mu masu jin Hausa muna da namu tarko. Harshenmu bai raba sautin p da f ba, don haka pan da fan sukan zama ɗaya a bakinmu. Haka vote da boat. Mukan kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, kamar yadda bread ya zama burodi. Maganinsa shi ne sauraron labaran Turanci a rediyo kowane dare, da karatu da murya a gaban wanda ya iya.

Da sanyin safiya ake kama fara. Ɗalibi ya soma tun watan Satumba: shafi biyu na karatu kullum, kalmomi biyar sababbi a littafi, insha'i ɗaya kowane mako da agogo a gabansa, minti 50 cif. Ku haɗu uku ko huɗu ku amsa tambayoyin shekarun baya, kowa ya duba takardar ɗan'uwansa.

Ku iyaye, ko ba ku jin Turanci, kuna da aiki. Lokacin jarrabawa yakan faɗo daidai da sharar gona da shuka, ga ramukan zinariya na ƙasar Anka suna janye samari da kuɗin yini. Ku sauwaƙe wa ɗalibi aiki a waɗannan watanni, 'ya mace ma a rage mata ɗebo ruwa da talla. Ku saya musu fitila da ƙamus. Kada ku biya kowa kuɗin satar amsa, gama hukuma takan riƙe sakamako ko ta soke shi, kuma yaron da ya shiga jami'a da takardar da bai iya karantawa ba, wahala ce aka saya masa.

Muna roƙon malamai da ma'aikata da ke cikinmu su ba da awa biyu kowace Asabar don duba insha'in yara, namu da na maƙwabtanmu Musulmi baki ɗaya. Allah ya ba 'ya'yanmu basira, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.