Gardamar da Ta Cancanci a Yi Ta

Mu ɗalibai muna son gardama, amma yawancinta musu ne kawai. Wannan ya ɗaga murya, wancan ya fi shi ɗagawa, a tashi ba wanda ya ƙaru. Ni a ganina gardama ta kirki ita ce wadda mai yinta ya kawo shaidar da abokin gardamarsa zai iya zuwa ya duba da kansa. Bari in ba ku misali.

A shekarar 1854 annobar amai da gudawa, watau kwalara, ta faɗa wa wata unguwa ta birnin Landan a Ingila. Cikin kwana 10 mutum fiye da 500 suka mutu. Yawancin likitocin zamanin suka ce mugun wari ne cikin iska yake kawo cutar. Wani likita kuwa, John Snow, ya ce ruwan sha ne.

Bai tsaya musu ba. Ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, sai ya tarar yawancinsu daga famfon rijiya guda ne, na titin Broad. Sa'an nan ya duba waɗanda labarinsu zai iya karya maganarsa. Akwai wani gidan dafa giya a titin nan mai ma'aikata wajen 70, ba ko ɗaya da ya mutu. Ashe ba su shan ruwan famfon, ko da yake iska ɗaya suke shaƙa da maƙwabtansu. Wata tsohuwa kuma can nesa a Hampstead ta mutu da cutar. Da ya bincika, ashe kullum akan kai mata ruwan famfon nan, gama tana son ɗanɗanonsa.

Ya je wurin hukumar unguwa, ran 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Duk da haka manya da yawa ba su yarda ba har ya rasu a 1858. Sai a 1884 Robert Koch ya ware ƙwayar cutar, magana ta tabbata.

To, 'yan'uwana malaman gobe, in yaro ya kawo magana a aji, kada mu ce masa ya yi shiru, kada kuma mu karɓa don ya iya baki. Mu tambaye shi yadda ya sani, da inda za mu je mu gani, da abin da za a gyara in ya yi gaskiya. Gardamar da ta kasa amsa waɗannan, gara a bar ta a koma ga karatu.