Ma'aikatan Lambu da Ba a Biyansu

Lambun gida ba ya bukatar fili mai yawa. Gefen rijiya ya isa, ko bayan ɗaki. Wanda gidansa daɓen siminti ne, ya cika buhuna da ƙasa da taki, ya huda ƙasansu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Alayyafo, yakuwa, kuɓewa, barkono da tumatir duk suna yi a buhu. Taki kuwa sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka. A kewaye wurin da shingen kara, don akuya ba ta san wahalar kowa ba.

Shuka ta fito, sai baƙi su fara zuwa. Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Duk abin da ya motsa a cikin ganye, sai su ce maƙiyi ne, su ɗauko feshi. Alhali wasu baƙin aiki suka zo yi muku.

Ku dubi kabewa da sassafe. Furenta iri biyu ne. Akwai namiji, mai doguwar sanda siririya. Akwai mace, wadda take da ɗan ƙulli a ƙarƙashinta, wato 'yar kabewar da za ta girma. Ƙudan zuma yana shiga furen namiji, garin nan rawaya ya manne masa a jiki, ya tashi ya faɗa cikin macen. Da haka kabewa take ɗaukar 'ya'ya. Idan ƙudan zuma bai zo ba, ɗan ƙullin nan yakan yi rawaya ya faɗi, mai lambu ya yi ta zargin ƙasa ko iri. In kun ga haka, ku tsinki furen namiji tun kafin rana ta ɗaga, ku cire fatun, ku goga tsakiyarsa a tsakiyar macen. Furen ba ya daɗewa a buɗe, don haka a yi sammako.

Kwaɗo da dare yake farauta, yana cin tsutsa da ƙwari. Da rana yana son wuri mai sanyi da laima. Ku kife fasasshiyar tukunya a inuwa, ku bar masa ƙofa, zai zauna. Tana kuma, wato tsutsar ƙasa, tana huda ƙasa, iska da ruwa su samu hanya. Ganinta alama ce ƙasa tana da rai. Hawainiya, ƙoƙi-ƙoƙi, gizo-gizo da bushiya duk ƙwari suke ci. Ƙadangare dai yana da laifinsa, don wani lokaci yakan taɓa ƙananan tsiro, amma gara da tururuwan da yake lashewa ba kaɗan ba ne. A rufe tsiron da tsohon gidan sauro har su yi ƙarfi, a kuma hana yara harbin ƙadangaren da danƙo.

Da rani, ruwa ne yake kawo tsuntsaye. Ku ajiye kasko da ruwa a inuwa, ku sa duwatsu a ciki don ƙudan zuma ya samu wurin tsayawa, kada ya nutse. Sai dai a zubar a sake sabo duk bayan kwana 2 ko 3, domin sauro yana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta. Tarin itace ko duwatsu kuma kada ya matsi ɗaki, saboda maciji da kunama.

A shekarar 2016 wata tsutsa ta cinye tumatir a jihohin Kano da Kaduna, har ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Tsutsar tana shigewa cikin ganye da 'ya'ya, inda feshi ba ya kai mata sosai, amma feshin yana kashe masu cinta. A ƙaramin lambu hannu ya fi: a duba bayan ganye kullum, a tsinke wanda ya kamu a binne.

Idan ƙwari sun yi yawa, ga dalbejiya. A daka busassun 'ya'yanta kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a narka ɗan sabulu a ciki. A fesa da yamma, bayan ƙudan zuma ya koma gida, a kan ganye da bayansa, ban da fure. A maimaita bayan mako guda, kuma a wanke ganye sosai kafin a sa a miya.