Darasi Na 12: Kaɗaici Ciwo Ne

Kaɗaici shi ne mutum ya rasa wanda zai yi hira da shi, ya faɗa masa abin da ke ransa. Ba zama shi kaɗai a ɗaki ba ne kawai. Akwai mai zama a gida mai mutum talatin, amma ba mai tambayarsa yadda ya kwana.

Ku duba cikin birnin Zariya, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Ga tsohuwa, 'ya'yanta sun tafi neman abinci Kaduna ko Legas. Ga amarya da aka kawo daga ƙauye, ba ta san kowa ba, ba ta fita. Ga mai takaba: mutane sun cika gida kwana uku, sun watse, saura wata huɗu ita da bango. Ga tsohon da ido ya mutu, ya daina zuwa zaure.

Kaɗaici na kwana biyu ba kome. Wanda ya daɗe shi ne mugu. Jikin mai shi ya kan zauna kamar na wanda ya ji motsin ɓarawo. Zuciya ba ta hutawa, jini ya hau, barci ya ƙi. Abinci ba daɗi, don tuwo ba ya shiga sosai in babu abokin ci. In ya faɗi ciwo kuma, wa zai sani, balle a kai shi asibiti?

A shekarar 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya ba da sanarwa. Ya ce rashin cuɗanya da mutane yana gajarta rai kamar shan taba sigari har kara 15 kullum. Haɗarin ciwon zuciya ya kan ƙaru da kashi 29 cikin ɗari, na shanyewar ɓarin jiki da kashi 32. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici. Ingila har minista ta naɗa dominsa a 2018.

To, maganin ba a kanti ya ke ba. Kakanninmu sun san shi. Wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau, aka buga shi littafi a 1954. A ciki ta yi bayanin ƙawance: mace ta zaɓi ƙawa, su riƙa yi wa juna biki, wannan ta kai gudummawa, waccan ta rama. Maza kuwa su kan fito da tuwonsu zaure a yi ciyayya. In kwanon wani bai fito ba, a aika yaro ya dubo. Yanzu sababbin gidaje da yawa ba zaure, sai ƙofar ƙarfe. Wannan ba ci gaba ba ne.

Zumunta a ƙafa ta ke. Mai kaɗaici kada ya jira a zo masa. Ya je masallaci ya yi salla cikin jam'i, ya tsaya a gaisa. Mace ta shiga adashi, ta je suna da barka. Wannan aji namu ma magani ne, ga karatu ga abokai. Wanda ya iya rubutu sai ya aika wa ɗansa saƙo, ko ya buga masa waya. Maigida ya bar matarsa ta ziyarci danginta.

In baƙin ciki ya yi makonni, mutum ya daina ci da barci, ko ya fara cewa gara mutuwa, hira kaɗai ba ta isa ba. A kai shi wurin likita, ko a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko a Shika.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan mutum ɗaya a unguwarsu da ya daɗe bai gani ba. Ya je ya gaishe shi kafin Juma'a.